Ni Da Na Ce Babu Rawa A Ciki

Duk wanda ya ga bidiyon nan da ke yawo a gurup ɗin gidan su Maman yara, to ga yadda abin ya faru, tunda wanda ya ɗauka ya yanke kai ya yanke ƙafa, ya bar wajen da nake durƙushe kawai.

Washegarin Sallah muka je gaisuwa. Falo cike da jikokin gidan, kowa ya dunƙule kan waya yana dariya shi kaɗai. Na leƙa ta ɗaya, wani ƙato ne ya ɗaura zani da ɗankwali yana kwaikwayon uwargida, kafin ka ce kwabo an gama. Na ce, "Wannan ne abin dariyar? Allah dai ya jiƙan Ibro." Sai wata 'yar shekara tara ta ɗago ta ce, "Ankul, waye Ibro?"

Na san marigayi Rabilu Musa, wato Ibro ɗan wasan barkwanci, ya rasu tun Disambar 2014, lokacin ko cikin yarinyar nan ba a yi ba. Duk da haka sai da tambayar ta sosa min rai. Nan na gyara zama na buɗe musu aji: mutumin Ɗanlasan, mai doguwar jar hula, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga fim, kuma a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta tura shi gidan yari a kan fim, wato ya tsare mutane shi ma an tsare shi. Na lissafo su Daushe, Ciroki, Baba Ari, Bosho. Na ce akwai wani fim ɗin camama da in suka kalla sai an yayyafa musu ruwa. Har na ba su labarin wajen da ya fi ban dariya, ina yi ina riƙe ciki.

Na fita da kaina wajen mai tura finafinai a bakin titi ya zuba min a memori. Ba wuta, don haka na biya wajen 'yan bumburutu na cika musu janareto fal. Kun dai san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Abin da na manta shi ne finafinan wancan lokacin ba sa farawa da fim. Talla ce ta finafinai masu fitowa, ɗaya bayan ɗaya, da mai shela yana ta kwarara ihu. Da aka gama, hoton ya fito dishi-dishi, daga kaset aka kwafo shi, ga wani layi yana hawa yana sauka. Wani ya yi sallama a zaure. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙoƙari, ya jama'a. Iska na kaɗa makirfo, zakara na cara a baya. A gidan kallo da muke biyan naira biyar ko goma mu matsu a benci, wannan gaisuwar ba ta dame mu ba, don tun daga ganin jar hular nan daga nesa ɗaki ya kaure. A falon nan kuwa ni kaɗai ne. Na fara dariya tun kafin a ce komai, don na san abin da ke tafe. Aka zo wajen, aka wuce. Na waiga. Idanu wajen goma sha, duk ni suke kallo.

"Ku jira, yanzu za a zo wajen."

Aka zo inda ake ɗaga jijiyar wuya kan bashin naira ashirin. Wani yaro ya ce, "Naira ashirin? Ko fiyawata fa ba za ta saya ba." Na tsaya ina bayanin darajar naira ashirin a da, kafin in gama an wuce wani wajen dariyar, sai na ce a mayar baya. A nan aka gano rimot ba ya aiki.

To ana haka Alhaji ya dawo daga La'asar. Ni dai tun da na yi aure ban taɓa zama ɗaki ɗaya da shi talabijin na kunne ba. Na zame daga kujera na durƙusa, "Barka da yamma, Baba." Ya amsa, ya ce me ake kallo. Kafin in buɗe baki ƙanin matata, kun san shi, ya yi caraf: "Baba, Yaya ne ya kawo mana fim ɗin zamaninsu, ya ce tarbiyya zalla ne."

Ni kuma na ƙara da nawa. "Barkwanci ne kawai, Baba. Ba rawa ba waƙa."

Ya ce madalla, ya jawo kujera ya zauna.

Wallahi bai gama jingina bayansa ba kiɗan fiyano ya tashi. Wannan siririn kiɗan mai shiga ƙwaƙwalwa. Hoto ya koma wani lambu, ga saurayi ga budurwa da kaya iri ɗaya, ita tana leƙowa ta bayan bishiya, shi yana buɗe hannu yana tafiya da baya. Na rantse ban tuna da wannan waƙar ba, ƙila lokacin muke fita sayen rake. Ina durƙushe na miƙa hannu na ɗauki rimot, na danna, na bubbuga shi a tafin hannu, na sake dannawa. Na buɗe bayansa: babu batir, ramuka biyu ne kawai suke kallona. Na ja gwiwa har gaban talabijin ina laluben madannai ta ƙasa, irin sababbin nan ne da ake ɓoye madannin kamar kuɗin adashe. Na samu ɗaya na danne da ƙarfi. Na ƙarin murya ne. Kiɗan ya cika gidan har Hajiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Budurwar ta sauya kaya, an koma bakin ruwa. Janareton da kullum sai ya yi tari ya mutu, ranar ko gezau, ai ni na ƙosar da shi. Soket ɗin kuma yana bayan kujerar Alhaji, sai dai in ce masa ya tashi.

Shi kuwa bai ce uffan ba. Carbi yake ja, idonsa a kan talabijin, har aka sauya kaya na uku. Da waƙar ta mutu ya juyo a hankali ya ce, "Malam, ita wannan motsa jiki ce ko?"

Wajen nan ne kuka gani a bidiyo, inda nake cewa "Eh to, Baba" sau uku.

Bari in tsaya kan yaron nan. Ni na biya masa kuɗin fam ɗin jarrabawa. Babur ɗina da ya ara bara ya dawo da shi babu madubi ɗaya, ya ce haka na ba shi. Cajata tana ɗakinsa tun azumi. Kuma daga baya 'yar shekara taran nan ta tsegunta min cewa batiran rimot ɗin suna cikin abin askinsa, ya kuma san da haka, yana tsaye yana ɗauka ta a waya ina bubbuga fanko. Na kai ƙara wajen yayarsa, ta ce ai abokin wasana ne. Wasa da mutuncina a gaban Baba? Ta yi ta dariya har da zama a bakin gado. Ita ma na rubuta nata.

Amma abin da ya yanke a bidiyon ke nan, kuma shi ya fi ƙona min rai. Bayan waƙar, akwai inda Ibro ya juyo kawai ya zaro ido, bai ce komai ba, ya kwasa da gudu hula a hannu. Yarinyar nan ta tuntsire har da faɗowa daga hannun kujera, sauran suka bi. Kafaɗar Alhaji ma na ga ta motsa, ko da yake Maman yara ta ce tari ne. Zancen kuɗi da habaicin siyasar lokacin duk sun bi ruwa, ban musa ba, sai wanda ya rayu a lokacin. Fuskar nan kuwa har gobe tana aiki, kuma da za a yanko wajen shi kaɗai a sa musu a waya, da sun tura wa juna.

Na samu ƙwarin gwiwa na ce, "Yauwa, yanzu za a zo wajen da na ba ku labari." Sai hoto ya tsaya cak, rubutu ya fito: mu haɗu a kashi na 2.

Na koma wajen mai turawar, ya ce ba shi da na biyun, in leƙo ranar Asabar ko yaronsa ya samo. Memorin ma yana can maƙale a talabijin ɗinsu, akwai hotunan sunan ɗana a ciki. Duk wanda zai bi ta unguwar ya yi min magana.