Giya 10 a nan, giya 10 a can, amma wai ba sa jituwa

Wallahi masu ƙera kayan keke sun kai mu bango. Mutum yana da keken titi, yana so ya rage wa gwiwoyinsa azaba a kan tudu, musamman idan ya ɗauko kaya. Bukatarsa ba ta taka kara ta karya ba: manyan haƙoran baya irin na keken dutse, da maturin kaca (abin da ke tura kaca daga wannan haƙori zuwa wancan) mai dogon hannu wanda zai iya hawa kansu. Ya je ya sayo. Noti ya shiga raminsa daram, waya ta zuru lafiya lau. A jikin kwali an rubuta giya 10, hannun giyar da ke kan kekensa shi ma 10 ne, kamfanin ma ɗaya. Sai ya juya feda. Giyar farko ta shiga, ta biyu da ƙyar, daga ta uku kaca ta fara kacau-kacau, tana tsalle tsakanin haƙora, ta rasa wurin zama. Ya ɗaure waya, sama ta gyaru ƙasa ta watse. Ya sassauta, ƙasa ta gyaru sama ta watse. Ko bakanike zai kwana a kai, ba ta saituwa.

Sirrin ba wani mai zurfi ba ne, ɓoye shi kawai ake yi a cikin takardun da mai saye ba ya gani. Duk "ƙas" ɗaya da ka danna, hannun giya yana jan waya wani ƙayyadadden tsawo, maturi kuma ya gusa gefe gwargwadon abin da aka ja. A tsohon tsarin kamfanin Shimano, milimita 1 ta waya tana gusar da maturi kusan milimita 1.7, kuma na titi da na dutse duk haka suke har zuwa giya 9, in ka cire tsohuwar Dura-Ace, samfurinsu na keken tsere, da ta yi nata daban. Hatta hannun titi na farko mai giya 10 yana tafiya sumul da maturin dutse mai giya 9. Masu doguwar tafiya da kaya sun sha moriyar wannan haɗi shekara da shekaru.

A 2010 Shimano ta fito da Dyna-Sys, giya 10 ta keken dutse, aka sauya lissafin: yanzu maturi yana bukatar waya mai yawa kafin ya yi taku ɗaya. Hannun titi ba ya jan da ya kai haka, shi ya sa kowane ƙas yake gazawa kaɗan, giɓin yana taruwa har kaca ta ɓata hanya. A 2012 giya 11 ta titi ta zo da nata lissafin, na uku ke nan. Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne Tiagra 4700 ta 2015: ta titi ce, giya 10 ce, amma da ma'aunin giya 11 take jan waya, don haka ko da 'yan uwanta na titi masu giya 10 da suka gabace ta ba ta shiri. Uwa ɗaya uba ɗaya, ba sa ga-maciji. Haba!

Na san hujjar da ake kawowa. Wai idan waya ta fi tafiya, laka da tsatsa ba sa rikita saiti da wuri, kuma keken dutse cikin taɓo yake wuni. To mun ji. Sai dai in abin alheri ne, me ya hana a yi wa keken titi shi a lokaci guda, da ma'auni guda? SRAM, kishiyar Shimano, ta nuna yana yiwuwa, don a giya 10 hannunta na titi yana tuƙa maturinta na dutse ba gardama. Da aka kai 11, ita ma ta raba gari.

Maturin gaba kuwa ba a magana, tun can da ma na titi da na dutse jan wayarsu ya bambanta. Ga kuma cibiyar tayar baya: haƙoran titi masu giya 11 na neman mazauni da ya fi tsohon tsawo da milimita 1.85, alhali na dutse masu 11 suna zama a kan tsohon. A kan abin da bai kai milimita 2 ba sai mutum ya sake taya sukutum. Ga kuma wasu nau'o'in mazauni da aka ƙaro, XD, da XDR, da Micro Spline, kowanne da irin yankansa.

Yau har sana'a ta tsiro a kan wannan ruɗani. Akwai ShiftMate na Jtek da Tanpan na Wolf Tooth, 'yar ƙaramar gargare da ake saƙala wa waya don ta yi tafinta tsakanin kaya biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya. Ka saya hannu, ka saya maturi, sannan ka sake buɗe aljihu don su gaisa. A tsarin lantarki na SRAM, wato AXS, kuwa, hannun titi da maturin dutse suna fahimtar juna nan take, wato mai kuɗi an buɗe masa ƙofa, mai waya ya tsaya a waje. CUES ta Shimano da ta zo a 2023 ta haɗa giya 9 da 10 da 11 a kan jan waya ɗaya, madalla, amma tsohon hannun titin da ke kan kekenka ba ya cikin wannan sulhu.

Ni dai ban ce kada su ƙirƙiro sabon abu ba. Su rubuta mana a jikin kwali, da manyan baƙi, milimita nawa hannu yake ja da irin maturin da yake tuƙawa, kusa da wannan lambar 10 da suke kambamawa. Ba sai mutum ya yage leda, ya shafa wa kaya girisi, mai shago ya ce ba a mayarwa, sannan a gaya masa ai wannan goman ba irin waccan goman ba ce.