Wa aka rufe wa ƙofa da aka dakatar da tallafin karatu a ƙasashen waje?

Tun ranar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya fito a ƙarshen watan Afrilun 2025 ya ce gwamnatin tarayya ta daina tura ɗalibai waje a ƙarƙashin yarjejeniyar ilimi da ƙasashe abokai, wadda aka fi sani da BEA, raina bai kwanta ba. Hujjarsa ita ce shirin ɓarnar dukiya ne, tunda abin da ake zuwa karantawa a can akwai shi a jami'o'inmu. Ya kawo misalin waɗanda aka kai Aljeriya su karanci Turanci da ilimin halayyar ɗan Adam, a ƙasar da Larabci da Faransanci ake yi. Daga baya ma'aikatarsa ta ce dakatarwar ta shekara biyar ce, kuma waɗanda suka riga suka tafi za a riƙe su har su kammala.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu suka karɓe maganar suka ɗora a kai. Ka shiga Facebook ka ga masu ilimi, har da waɗanda su kansu da kuɗin gwamnati suka yi digiri a Malesiya ko Ingila, suna cewa yara su zauna a gida mana, ai yawon buɗe ido suke so. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yaron da ke cike fom ɗin nan me ya sa yake son tafiya. An yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Ni na ji ta bakin ɗaya daga cikinsu. Akwai wani yaro a unguwarmu, mahaifinsa gyaran babur yake yi, ya kawo mini takardar da ya rubuta ta bayyana dalilinsa na neman tallafi, in duba masa Turancin. Injiniyan lantarki yake son zama. Na ajiye takardar na ce masa, bar wannan tukuna, gaya mini da Hausa me kake nema a can. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ni so nake in san ranar da zan gama." Yayansa ya shiga jami'a a 2018 don karatun shekara huɗu. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, ga kullen korona a kai. Na 2022 ya tashi daga 14 ga Fabrairu har tsakiyar Oktoba, wata takwas cur. Yayan ya fito bayan shekara shida, ubansu ya biya kuɗin haya har na watannin da ɗakin ke kulle. Yaron nan ya ga wannan da idonsa. Ya zauna jarrabawar JAMB sau biyu, ya ci maki mai kyau, bai samu gurbin da yake so ba. A takardarsa babu maganar dusar ƙanƙara ko dogayen benaye. Abin da ya rubuta shi ne a garinsu asibiti na amfani da fitilar waya idan an ɗauke wuta, kuma yana son ya koyi haɗa wutar sola a inda zai taɓa kayan aikin da hannunsa.

To, a kan wannan yaron ne ake cewa komai akwai shi a gida. Gaskiya ne sunan kwas ɗin yana cikin kundin JAMB. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje a yawancin jami'o'in gwamnati ya san yadda ake koyar da kimiyya a allo da alli, malami ya zana na'ura ya ce a haddace sassanta, ɗalibi ɗari biyu su yi layi a kan madubin ƙara girma guda ɗaya. Malaman kansu ba su ɓoye ba, kusan kowane yajin aikin da suka yi akwai maganar lalacewar kayan aiki a cikin buƙatunsu. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana da na'urar binciken nukiliya guda ɗaya tak, ƙarama, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda Sin ta ƙera aka ƙaddamar a 2004. Ɗalibin da Rasha ta ba gurbi ya karanci wannan fanni, ko fannin ƙarafa, ko na jiragen sama, a ina za a zaunar da shi a nan? Kusan yara miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB a 2025. Guraben karatun likita kuwa ƙididdigaggu ne, hukumar kula da likitoci ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. A arewa, inda mace ke rasa likita mace da za ta duba ta a babban asibitin ƙaramar hukuma, kowane gurbin likita da Masar ko Hungary ta bayar kyauta abin a kama ne da hannu biyu.

Na ce kyauta, domin a nan ne aka fi yi wa jama'a rufa-rufa. A tsarin BEA ƙasar da ta karɓi ɗalibi ita ke ɗauke kuɗin makaranta, mu namu shi ne kuɗin kashewa da na jirgi da ɗan abin da ba a rasa ba. Rasha da Sin da Maroko da Aljeriya da Hungary da Masar da Sabiya suna ba mu kujeru a jami'o'insu, mu kuma muka ce mun gode, ku riƙe abinku. Ministan ya ce a kasafin 2025 naira biliyan tara aka ware wa ɗalibai 1,200, yana ganin kuɗin sun yi yawa. A 2023, 'yan majalisar tarayya 469 sun karɓi manyan motocin da rahotanni suka ce kowacce ta haura naira miliyan 100. Ko a miliyan ɗari-ɗari ka lissafa, kuɗin sun kusa biliyan 47, wato fiye da ninki biyar na abin da ake ganin ƙyashin kashe wa ɗaliban. Ba mu ji gwamnati ta kira wancan ɓarna ba. Ba mu ji ta ce akwai motar da ake haɗawa a Nnewi ko Kaduna, a haƙura da ita ba.

Su kuma ɗaliban da ake yi wa kallon 'yan gata, a 2024 aka zaftare musu kuɗin wata daga dala 500 zuwa 220, bayan sun yi watanni ba a biya su ba. Yaro yana ƙasar da bai da dangi, wani wurin doka ta hana shi aiki, mai gida na buga masa ƙofa, uwarsa a Gusau ko Potiskum tana sayar da akuya ta tura masa abin da bai kai kuɗin burodin mako ba saboda faɗuwar naira. Gwamnatin da ta jefa su a wannan hali ita ce ta juyo ta ce shirin ba ya aiki. Idan an tura yaro Aljeriya ya karanci Turanci, ba shi ya zaɓi kansa ba. Akwai hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya, akwai jami'an da suka tantance, suka sa hannu. Su ya kamata a titsiye. Laifin babba ne, aka ɗora wa ɗan talakan da bai ma cike fom ba tukuna.

Masu cewa ai in sun tafi ba sa dawowa, kuma asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ma har da wannan dalili ya daina tura malamai waje daga farkon 2025, su fara tambayar kansu me ya sa likitan da ya yi karatunsa kaf a Zariya ko Ibadan shi ma yake haɗa jakarsa.

Kuma mu daina yaudarar kanmu, wannan mataki bai hana ɗan kowa fita ba sai ɗan wanda ba shi da shi. Kowace shekara muna ganin hotunan gwamnoni da ministoci da sanatoci a bukukuwan kammala karatun 'ya'yansu a Landan da Dubai da Amurka, sun sha babbar riga suna murmushi. Da ɗan majalisa Sergius Ogun ya kawo ƙudurin da zai taƙaita wa masu riƙe da muƙaman gwamnati kai 'ya'yansu makarantun waje, majalisar wakilai ta yi watsi da shi a 2022. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Ma'aikacin gwamnati da a da yake iya lallaɓawa ya kai ɗansa Sudan ko Nijar ko Yuganda, yanzu ya sallama, ita Sudan ɗin ma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kore yaranmu daga Khartoum. Ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da suka rage waɗanda ake shiga da jarrabawa ba da kuɗin uba ba, ita ce aka sa wa kwaɗo. Bashin karatu na NELFUND da ake nuna mana a madadinta yana da amfaninsa, amma kuɗin rajista da ɗan kuɗin kashewa yake biya, ba ya sayo na'ura a ɗakin gwaji, ba ya hana yajin aiki.

Mu 'yan arewa ne ya fi kamata mu ji zafin wannan magana. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi lokacin da aka tura shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano ya bi sahu a shekarar da ta biyo baya, shi ma da tallafin gwamnati.  A zamaninmu ma, ko wane ɓangare kake a siyasar Kano, ka san 'ya'yan talakawan da gwamnatin Kwankwaso ta tura waje, da yawansu yau suna koyarwa a jami'o'i, wasu suna duba marasa lafiya, kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da shirin a 2023 da ɗalibai 1,001. An yi kurakurai a can ma, an bar yara da bashin makaranta lokacin da gwamnati ta sauya. Maganin wannan shi ne a riƙa biya a kan lokaci.

Gyaran BEA ba wani abu ne mai wuya ba. A taƙaita shi ga fannonin da muke da ƙarancinsu, a wallafa sunayen waɗanda suka ci da makinsu kowa ya gani, a ware kuɗin ɗalibi gaba ɗaya kafin ya hau jirgi, a sa shi ya sa hannu zai dawo ya yi wa ƙasa aiki na wasu shekaru. Gwamnonin arewa da 'yan majalisarmu su buɗe baki, domin shekara biyar ba wasa ba ce: yaron da yake aji uku na babbar sakandare a 2025 sai ya yi shekara biyar yana jiran wannan tallafi kafin a sake buɗe shi, in ma an buɗe.

Yaron unguwarmu ya karɓi takardarsa bayan na gyara masa, ya ninke ta ya sa a aljihu. Kwanan baya na wuce ta garejin mahaifinsa na gan shi a tsugune yana kwance injin babur, hannunsa duk baƙin mai. Ya miƙe ya gaishe ni, ya ce zai sake sayen fom ɗin JAMB karo na uku.