Hannu ya ji, amma lissafin fa?

Na yarda da labarin cewa ɗalibin injiniya ya fi gane darasin sarrafa na'ura idan hannunsa ya ji ƙarfin da kansa, sai dai an yi ta zuzuta abin kamar yau aka fara. Tun shekarun 1990 Jami'ar Stanford ta Amurka take koyarwa da wata ƙaramar sanda da ake riƙewa a hannu, mai ƙaramin injin lantarki ɗaya da ke turo hannun ɗalibi bisa umarnin kwamfuta, daga baya ɗakin binciken Allison Okamura, malama a jami'ar, ya fitar da sabon samfurin sandar mai suna Hapkit. Inda darasin yake da daɗi ma ba a taɓo shi a labarin ba: ɗalibi ya rubuta wa kwamfutar F = kx (wato ƙarfin da sandar za ta mayar daidai yake da taurin sifirin, k, sau nisan da aka tura ta, x), ya tura sandar, sai ya ji kamar sifirin yake dannawa alhali babu shi. Ya ƙara k don sandar ta ji kamar ta ci karo da bango mai tauri, sai sandar ta kama karkarwa a hannunsa, domin kwamfutar lokaci-lokaci take karanta matsayin sandar, jinkirin kuma yana cusa wa tsarin kuzari. Shi ya sa ake son zagayen karanta matsayin da mayar da ƙarfin ya kai kusan sau 1,000 a daƙiƙa. In kuma kana cikin masu cewa kwaikwayo a allon kwamfuta ya wadatar, a allo ina za ka ji gogayya da sakin igiyar da ke juya sandar? Tambayata ga malamai: bayan karkarwar, ana sa ɗalibi ya lissafo da biro iyakar da k zai kai kafin sandar ta fara karkarwa, ko wasa kawai ake sha?