Ɗakin wasan da Jami'ar Duke ta ƙi rushewa

Masu kwana kallon ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, ku zo mu yi magana. Ana yawan cewa wai abin mamaki ne jami'a mai kuɗi kamar Duke, da ke garin Durham a jihar Karolina ta Arewa, ta ci gaba da buga wasa a tsohon ɗakin da bai kai cin mutum dubu goma ba. Ni dai a ganina babu shawarar da shugabannin jami'ar suka yanke da ta kai ta barin Cameron Indoor Stadium yadda yake.

An buɗe shi ranar 6 ga Janairun 1940, Duke ta doke Princeton da ci 36 da 27. Dala 400,000 aka kashe, kuma a wancan zamani ana lissafa shi cikin manyan ɗakunan wasa na ƙasar. A 1972 aka sa masa sunan Eddie Cameron, tsohon kociyan ƙungiyar wanda ya daɗe yana shugabantar sashen wasanni. Yau mutum 9,314 yake ci, ba ƙari. Maƙwabtansu kuma abokan hamayyarsu, Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, sun gina nasu katafaren wuri tun 1986, mai cin sama da mutum 21,000. Duke ba ta rasa kuɗin yin haka ba. Jami'ar da aka kafa da dukiyar taba sigari da lantarki ba za ta kasa zuba kankare ba. Ƙi ta yi.

Ku kalli wasa ɗaya ku lura da waɗanda ke zaune a bakin fili. A yawancin wurare kujerun gaba na masu hannu da shuni ne, sukan zo a makare, su zauna suna latsa waya. A Cameron, bencunan katakon da ke daf da layi na ɗalibai ne, attajiran da suka biya maƙudan kuɗi kuwa suna can sama. Ɗaliban ba sa ma zama. A tsaye suke tun daga farko har a tashi, fuska da ƙirji sun sha shuɗin fenti, suna tsalle har bencin na lanƙwasa. Idan ɗan wasan baƙi ya tsaya a layi zai jefa ƙwallo ciki, sai ka ga hannaye sun yi masa caa ta bayan ƙeya, yatsu na karkarwa, saura ƙiris su taɓa rigarsa. Rufin ba shi da tsawo sosai, ihu ba shi da wurin zuwa sai kunnen baƙo. Ɗaki ne kamar tukunyar da aka rufe a kan wuta. Har farkon shekarun 2000 ma babu na'urar sanyaya wuri, gumi kawai ake sha. Masu sharhin talabijin kuwa tsani suke hawa zuwa wani ɗan lungu a kusa da rufi, don babu wurinsu a ƙasa.

To idan aka faɗaɗa, kuɗin ginin daga ina zai fito? Daga sayar da kujerun gaba. Shi ke nan ɗalibi ya koma can ƙuryar sama, an samu kuɗi an rasa abin da ya sa ake tsoron zuwa wurin.

Kuma ɗaliban ba a banza suke samun bencin ba. Tun 1986 suka fara kafa tantuna a filin ciyawar da ke gaban ɗakin, suna jiran wasan North Carolina. Sun raɗa wa wurin Krzyzewskiville, sunan kociyansu Mike Krzyzewski, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1980 zuwa 2022 ya ci kofin ƙasa sau 5. Makonni suke yi a cikin sanyin Janairu da Fabrairu, mutum 12 a tanti ɗaya, kuma akwai masu kula da layi da kan busa jiniya cikin tsakar dare su kira suna. Tantin da aka samu ba kowa fiye da yadda doka ta yarda, ya rasa layinsa. Wani zai ce wannan wahalar banza ce ga yaron da aka tura karatu. Ban musa ba, iyayen da ke biyan kuɗin makaranta suna da ta cewa. Amma wanda ya kwana a ƙasa saboda wasa ɗaya ba zai shiga ya yi shiru ba.

Akan wuce gona da iri, wannan gaskiya ne. A 1984 rashin kunyar da suka yi wa wani ɗan wasan Maryland ta kai sai da shugaban jami'ar, Terry Sanford, ya rubuta musu wasiƙar jan kunne. Kuma ihu ba ya cin wasa: ranar 5 ga Maris 2022, wasan Krzyzewski na ƙarshe a wannan ɗaki, tsofaffin 'yan wasansa sun cika wuri, North Carolina ta zo har gida ta lallasa su 94 da 81. Ɗaliban da suka yi kwanan tanti suna kallo suna hawaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya zana ginin. Julian Abele ne, baƙar fata ɗan Filadalfiya, babban mai zane a kamfanin Horace Trumbauer, kuma shi ya zana yawancin gine-ginen dutse na harabar, har da babbar cocin jami'ar. Ya rasu a 1950. Duke ba ta karɓi baƙar fata a karatun digirin farko ba sai 1963. Wato ya tsara ɗakin da ɗansa ba zai iya shiga a matsayin ɗalibi ba, ɗakin da daga baya 'yan wasa baƙaƙen fata irin su Grant Hill, Luol Deng da Zion Williamson suka ɗaukaka sunansa. Sai a 2016 jami'ar ta sa wa babban dandalin harabarta sunan Abele.

A wannan shekarar ce kuma aka ƙara wa Cameron sabon zaure ta gaba, aka gyara mashiga. Cikin ɗakin ba a taɓa shi ba: bencunan ɗalibai na nan, kuma Jon Scheyer, wanda ya gaji Krzyzewski, a wannan filin ya yi wasa yana ɗalibi, yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin 2010.