Igiyar da muke ɗaure kanmu da ita

Jiya bayan isha'i ƙanena ya faɗa min maganar da ta hana ni barci. Muna zaune a ƙofar gida a Tudun Wadar Kaduna, ya wuni yana jan keke tsakanin Kawo da Kasuwar Barci, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni fa na tsani kaina."

Da hannuna a ciki, Allah Ya yafe min.

Da azumin bana bai fashi tafsirin Masallacin Sultan Bello ba. Ana gama ƙaramar salla ya rubuta wa kansa doka a bayan kalanda: tashi ƙarfe 2 na dare, izu 5 kullum, azumin Litinin da Alhamis, ba taɓa waya bayan magariba. Kwana 9 ya yi. Rana ta 10 ya makara har asuba ta wuce shi, daga nan komai ya zube, jam'in ma ya daina zuwa don kunya. Ni kuwa me na yi? Na tsare shi da faɗa, na ce ba shi da himma, wayar nan ce ubangidansa. Sai jiya na san dalilin riƙe wayar har tsakar dare. Tun rasuwar Inna ba ya iya zama shiru a ɗaki, da ya kashe fitila sai ya riƙa jin tarinta. Shekara guda yana ɗauke da wannan, ni ban tambaya ba, shi ma bai taɓa tambayar kansa ba. Bulala kawai muka haɗu muna zuba masa.

'Yan'uwa, mu ji tsoron Allah game da rayukanmu. Da yawanmu zagin kai muke yi muna kiransa taƙawa. Ka yi fushi da iyali, ka kwana kana ce wa kanka banza, gobe ka ƙara nafila raka'a 10 don huce haushi, jibi fushin ya dawo ya fi na da. Ai ba ka zauna da fushin ba. Ba ka tambaye shi ko bashin mai shago ne, ko wulaƙancin da aka yi maka a wajen aiki ka haɗiye, ko tsawar da ka tashi a cikinta tun kana yaro. Baiwar Allah tana hassadar kishiya, ta rufe da murmushi da yawan tasbihi, hassadar na ƙasa tana ci kamar gara. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma fa sai ya yarda ya ɗaga kai ya duba rufin.

Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka ce ta Nana Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar dare sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Matar Annabi ce fa, ibada take yi, duk da haka ya ce a kwance. Wani sahabi, Hanzala, ya zo wajen Annabi a firgice yana cewa ya zama munafuki, don in ya koma cikin iyali da dukiya zuciyarsa ba ta zama yadda take a majalisin Annabi. Ba a kore shi ba, an ce masa lokaci da lokaci ne. Hanzalan majalisi da Hanzalan gida mutum ɗaya ne, kai kuma kana so ka yanke rabinka ka jefar.

Kada wani ya ce na ce a miƙe ƙafa. Rai mai zargin kansa Allah Ya rantse da shi a Suratul Ƙiyama. Amma zargin da ke kai ka ga tuba daban, wanda ke hana ka taka ƙofar masallaci daban, na biyun Shaiɗan ne ke masa fifita. Alƙur'ani shekara 23 ya yi yana sauka. Nana A'isha ta ce da ayar hana giya aka fara saukarwa, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Sahabbai ke nan. Kai wane ne da za ka gama da kanka a kwana 9?

Don Allah ku kwance igiyar nan. Don Allah, in ɗanka ko ƙaninka ya zame, ka tambaye shi me ke damunsa kafin ka buɗe baki da wa'azi.

Yau da asuba na ƙwanƙwasa masa ƙofa, muka tafi tare, bai ce komai ba a hanya, ni ma haka. Ranar Juma'a za mu je kabarin Inna. Ku sa shi a addu'a.