Wa ke riƙe da azuzuwan farko na karatun likita?

Daren Juma'ar da ta wuce bayan isha'i ɗan yayata ya shigo gidana a Gyaɗi-gyaɗi, ko sallamar kirki bai yi ba ya samu gefen tabarma ya zauna. Maman yara ta kawo masa tuwo bai ko buɗe kwanon ba. Na ce kai lafiya? Ya ce Kawu sakamakon sakan MB ya fito, wato jarrabawar da ɗalibin likita yake yi kafin ya fara shiga asibiti, na tsallake anatomi (tsarin jiki) amma fiziyoloji (aikin jiki) da bayokemistri (sinadaran jiki) sun kayar da ni, sai risit, wato sake zama jarrabawar. Yaron nan fa shi ne wanda lokacin da JAMB ɗinsa ta fito aka yi ta kiran babarsa ana mata barka, kuma ni shaida ne ba ya yawo, in ka je ɗakinsa ƙarfe biyun dare za ka tarar da fitilar waya a kan littafi. Jami'ar da yake a nan Arewa take, ba zan kama suna ba don ba ita kaɗai ba ce, abin da zan faɗa ni ma da nake likita na sha shi a tawa makarantar shekarun baya.

Na ce ba ni wayarka in ga jadawalinku. Ya buɗe min guruf ɗin ajinsu na WhatsApp, wallahi sai da raina ya ɓaci. Tes uku a sati ɗaya, kowane sashe ya sa nasa ba tare da ya tambayi ɗan'uwansa ba. Lakcar ƙoda an ɗaga ta an sake ɗagawa har sai da ya rage kwanaki kaɗan a shiga jarrabawa sannan aka tara su aka zuba musu ita gaba ɗaya cikin kwana biyu. Masu anatomi suna kan ƙafa, masu fiziyoloji suna kan zuciya, masu bayokemistri suna can suna zagayen Krebs, wato yadda jiki ke fitar da ƙarfi daga abinci, yaro ɗaya ne zai haɗa wannan duka a kansa ba wanda ya nuna masa inda suka haɗu.

Sai na yi masa tambaya guda ɗaya. Na ce ruwan gishiri da sikari da ake ba yara masu gudawa, me ya sa ake saka sikarin, don daɗi ne? Ya yi shiru, can ya ce ko don ƙarfi ne Kawu. Na ce to karanto min yadda hanji yake tsotsar gulukos. Nan take ya zubo min shi tiryan-tiryan kamar hadda, cewa akwai wata ƙofa a bangon ƙaramin hanji da ba ta shigar da gulukos sai tare da sodiyam, in sun shiga ruwa ya bi su. Na ce to ai amsar ke nan ka faɗa da bakinka, sikarin shi ke jan gishirin, gishirin ya ja ruwa, yaron da ya bushe ya farfaɗo. Ya ɗago ya dube ni ya ce wallahi Kawu ba wanda ya taɓa haɗa mana su. Ilimin da ya ceci yara ba adadi a duniya, wanda kullum ake aiki da shi a asibitin Hasiya Bayero, yana cikin kansa a rubuce amma bai san shi ne ba.

Na san wasu za su ce ɗalibai ma ba sa karatu, e akwai wannan, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Kuma ba malamai nake zagi ba, na san waɗanda suke sayen maka da kuɗin aljihunsu su tsaya awa uku a ajin da ba fanka. Maganata a kan shugabanci ce. Shekarun nan na aji biyu da aji uku, kafin yaro ya taka ɗakin marasa lafiya, wa ke riƙe da su gaba ɗayansu? Akwai shugaban sashen anatomi, akwai na fiziyoloji, akwai na bayokemistri, kowa da masarautarsa, akwai shugaban tsangaya a sama yana fama da mitin da takardu da zancen kuɗi, amma mutum ɗaya da za a ce aikinsa shi ne ya san abin da ɗan aji biyu ya koya ranar Litinin da yadda ya haɗu da na ranar Talata, a wurare da yawa babu shi. In ma akwai, suna ne kawai aka ba wani ƙaramin lakcara, ba shi da ikon ce wa farfesa ranka ya daɗe lakcarka ta makara.

Tsarin nan da muke bi ba daga sama ya faɗo ba. A 1910 wani Ba'amurke Abraham Flexner, wanda shi ba likita ba ne ma malamin makaranta ne, ya zagaya makarantun likita 155 a Amurka da Kanada ya rubuta rahoto, ya ce yawancinsu kasuwanci kawai suke yi, ya ba da shawarar a bi irin tsarin Johns Hopkins, a fara da shekara biyu na kimiyya a ɗakin gwaje-gwaje sannan shekara biyu a asibiti. A lokacinsa gyara ne babba. Mu kuma namu ya biyo ta Ingila, kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin jami'ar Landan take, daga nan sauran makarantu suka ɗauki samfur. To amma su masu abin ba su tsaya nan ba. Tun 1952 jami'ar Western Reserve a garin Kilibland ta rushe katangar da ke tsakanin sassa, ta koma koyarwa gaɓa-gaɓa, in an ɗauki zuciya a yi tsarinta da aikinta da sinadaranta lokaci guda. A 1969 McMaster ta Kanada ta fara zaunar da ɗalibai 'yan kaɗan-kaɗan a ba su labarin mara lafiya su nemo ilimin da zai warware shi. Ko a nan gida Ilori ta daɗe tana fitar da ɗalibanta ƙauyuka tun suna ƙananan azuzuwa.

Abin da nake so a lura da shi, duk inda aka yi irin wannan gyara ba sabon littafi aka sayo ba, iko aka sake rabawa. An samu wani mutum ko kwamiti da aka ce manhaja a hannunka take, kuma maganarka tana sama da ta sashe a kan abin da za a koyar da lokacin da za a koyar da shi. Shi ya sa yau makarantu da yawa a Amurka suke da mataimakin shugaban tsangaya wanda aka ɗora wa kula da shekarun farkon nan. Mu kuma sai mu kwafo sunan tsarin mu rubuta a takarda saboda masu zuwa tantancewa daga hukumar likitoci MDCN ko hukumar jami'o'i NUC, su zo a share ko'ina a jera kayan aiki, suna tafiya kowa ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa.

Kuma yadda ake samun shugaban ma abin dubawa ne. Galibi wa'adin shekara biyu ne, kafin mutum ya gama gane inda matsalar take lokacinsa ya ƙare wani ya hau ya fara daga farko. Wani lokaci layi ne kawai ya zo kansa, wani lokaci kuma zaɓe ne da ake kamfen a cikinsa kamar na kansila. Ba a tambayar shin wannan mutumin yana son koyarwa kuwa, ya taɓa koyon yadda ake tsara manhaja ko yadda ake rubuta tambayar jarrabawa mai auna fahimta ba hadda ba? Ƙarin girma a jami'a kuma da yawan maƙalun da ka wallafa ake yinsa, malamin da ya ƙarar da yammacinsa yana zaunar da ɗalibai goma da suka kasa gane jijiyoyin hammata ba abin da zai shiga fayil ɗinsa. To wa zai ba da ransa a kan abin da ba a lissafa shi?

Sai rigimar nan da ba ta ƙarewa, wai wa ya kamata ya shugabanci sassan nan, likita mai MBBS ko masanin kimiyya mai PhD. Na zauna a majalisu da yawa ana wannan musu har jijiyar wuya. Ni likita ne amma gaskiya ba na tare da masu cewa sai likita. Wanda ya fi kowa sa ni na gane fiziyoloji bai taɓa riƙe abin awon ƙirji ba, kuma na ga kwansaltan da in ya shiga aji ba abin da yake sai ba da labarin kansa. Haka kuma ba na tare da masu ganin likita ba shi da abin cewa a ajin farko, don shi ne ya san wane ilimi ne yaron zai buƙata ƙarfe ukun dare in an kawo mai haihuwa tana zubar da jini. Abin da ake buƙata mutumin da ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa, wanda zai iya ɗauko likitan yara daga asibiti ya tsayar da shi kusa da malamin bayokemistri ranar da ake darasin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ɗaya ya ce amino asid ɗaya tak ne ya canza a gurbi na 6, balin ya maye gulutamik asid, ɗayan ya ce to ga abin da wannan yake yi wa yaro mai sikila in sanyi ya shigo, ga kumburin hannu ga ciwon ƙashi ga uwa ba barci. A Kano wane ɗalibi ne bai san gidan da ake da mai sikila ba? Ranar ba wanda zai yi gyangyaɗi.

Amma fa likitoci ba sa zama a sassan nan, kuma dalilin a fili yake, wanda ya tsaya koyar da anatomi abin da yake ɗauka a wata bai kai na abokinsa da ke ganin marasa lafiya ba, ga Saudiyya da Ingila suna ta ɗiba. A haka kuma gwamnati take ƙara gurbin ɗaliban likita saboda ƙarancin likitoci. Ƙarin ba laifi ba ne muna buƙata, sai dai in ka ninka ɗalibai ba ka ninka teburin gawa da madubin duba ƙwayoyin halitta da malamai ba, a ajin farko abin zai fashe, kuma shugaban da ya san aikinsa shi ne zai iya tsayawa gaban hukumar jami'a ya ce iya waɗanda za mu iya koyarwa da kyau ke nan, in ana son ƙari ga abin da za a kawo.

Kar wani ya ɗauka sauƙi nake nema wa ɗan yayata. A'a. Makin ci 50 ne a bar shi a 50. Na taɓa duba wani yaro ɗan shekara huɗu da aka kawo yana jan ƙafa, tafin ya saki ba ya ɗaguwa, babarsa ta ce zazzaɓi ya yi aka kai shi kemis aka yi masa allura a ɗuwawu, tun daga ranar bai sake gudu ba. An soki babbar jijiyar da ke sauka ta bayan cinya ne, abin da duk ɗan aji biyu ake koya masa, cewa in ma za a yi a nan to a can sama ta waje ake yi. Wanda ya ga irin wannan ba zai ce a sassauta anatomi ba. Abin da nake ƙi shi ne alfahari da yawan waɗanda suka faɗi, malami ya shigo ranar farko ya ce ku kalli na damanku da na hagunku, baɗi ɗaya ba ya nan. Yaran da aka tace aka sake tacewa kafin su samu gurbin nan, in kaso mai yawa suka zube a kwas ɗaya shekara bayan shekara, ai kamata ya yi wani ya kira taro a baje takardun a ga a wace tambaya suke faɗuwa kuma wa ya koyar da ita, yaushe, cikin awa nawa. Kuma a gano mai rauni tun tes na farko a kira shi, ba sai an liƙa sunansa a allo ba.

Har abin da bai shafi maki ba yana wuyan shugaba. Ranar da muka fara shiga ɗakin gawa ban manta ba, warin fomalin yana sa ido hawaye, wata 'yar ajinmu ta kama ƙofa ta kasa shiga, mu da muka taso ana koya mana cewa gawa tana da alfarma zukatanmu duk ba daɗi. Wani dattijon malami, Allah Ya jiƙansa, ya tsayar da mu kafin a yaye ƙyallen, ya ce waɗannan 'ya'yan wasu ne kamar ku, ba dariya a ɗakin nan, ba wasa da wata gaɓa, in kun gama ku rufe su yadda kuka same su, kuma ilimin da za ku ɗauka a jikinsu amana ce ta masu rai. Ya ɗauki kusan rabin awa yana amsa tambayoyinmu har na addini. Shi ya ga dama ya yi, ba a jadawali yake ba, 'yan bayanmu da wani malamin ya karɓa ba su samu ba. Na tambayi ɗan yayata ko an yi musu irin wannan, ya ce a'a, an dai raba su guruf-guruf aka ce su fara.

Risit ɗinsa saura 'yan makonni. Mun yi da shi kullum bayan magariba zai zo mu ɗauki gaɓa ɗaya, jiya ƙoda muka yi, na kawo masa sakamakon gwajin jini irin wanda muke gani a asibiti ba suna a kai, na ce gaya min me ya samu mai wannan. Ya daɗe yana kallo yana lissafi da yatsa sannan ya gano. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Kawu akwai abokaina uku da su ma risit ne da su, ɗaya daga ƙauye yake ba shi da kowa a garin nan, in zo da su? Na ce ka zo da su, Maman yara ta ƙara tabarma.