Ba wuta ce ke cinye mana na'urori ba, tsatsa ce

A watan Agusta wata hajiya daga wani ƙauye bayan Fitowa ta iso shagona a Garuwa da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, a cikin buhu. Ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, firiza ɗaya gare ta, ita ce jarinta, da ita take ciyar da marayu huɗu. Tana ajiye buhun ta ce, "Ɗana, duba mini, an ce wuta ce ta ƙone shi." Na ce, "Hajiya, wace wutar? Ai garinku ko turken wuta babu." Da hasken rana take aiki. Inbatan kuwa bai cika wata 14 a hannunta ba.

Na kwance murfin a gabanta. Ba ƙauri, ba baƙin ƙuna ko ɗaya. Abin da na tarar shi ne ƙura ta daskare a kan koren allon nan kamar an shafa masa kunu ya bushe. Ƙafafun ƙananan kayan da aka liƙa duk sun yi fari-fari kamar an barbaɗa gishiri, wasu wuraren kuma kore shar, irin koren da tsohon munduwar jan ƙarfe ke yi. A kusurwa ga busasshiyar tsaka, ga kashinta. Na sa tsinke na taɓa wani layi, sai ya ɓare ya biyo tsinken. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san ba sakacinta ba ne, kuma na san wanda ya sayar mata ba zai taɓa jin labarin ba.

Shekara 16 ina wannan sana'a, kuma abin da na gani da idona ke nan: yawancin na'urorin da ake kawo mini ana cewa wuta ta ƙone su, ko "jabu ne", tsatsa ce ta ci su sannu a hankali. Mun saba ɗora wa wuta laifi saboda ta saba yi mana laifin, kowa ya san yadda ake ɗaukewa a kawo idan ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya. Amma idan kullum muna kallon inda ba nan ɓarawon ya shigo ba, haka za a yi ta yi mana sata.

Allon nan da kuke gani a cikin waya da rediyo da inbata, galibi zaren gilashi ne da aka haɗa da danƙo mai tauri, aka shimfiɗa masa hanyoyi na jan ƙarfe. Kaurin jan ƙarfen a mafi yawan alluna maikuron 35 ne, wato wajen rabin kaurin gashin kai guda. Abin da bai kai gashi ba, tsatsa nawa yake buƙata kafin ya tsinke? Kuma abu uku kawai tsatsar ke nema: danshi, da gishiri, da wuta mai gudana. Ruwa tsantsa ba ya ɗaukar wuta sosai, sai ya sami gishiri ya narke a cikinsa. Da zarar hakan ta faru tsakanin layuka biyu masu wuta, ƙarfen ɗaya layin zai fara narkewa yana bin danshin, ya je ya taru a ɗayan, yana tsiro kamar saiwar ciyawa, har ya dawo ya haɗe su biyun. Shi ke nan, na'ura ta mutu. A cikin wayar hannu tazarar da ke tsakanin wasu ƙafafun ba ta kai rabin milimita ba, don haka abin ba ya ɗaukar lokaci.

To mu nan duk ukun muna da su a yalwace. Ƙurar hunturu da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, tsohon gindin tafkin Chadi da ya ƙafe, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Enedi ta kwashe ta. Ƙurar nan har Tekun Atilantika take tsallakewa, balle ramin fankar inbata. Tana shiga ta kwanta, ta haɗu da hayaƙin girki da toka da gishirin gumin hannu. Muddin a bushe take ba ta cika ɓarna ba, shi ya sa ba ka ganin komai a bazara, duk da zafin da ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Sai damina ta sauka, iskar bakin Binuwai ta yi nauyi, ƙurar ta tsotsi laima ta zama taɓo mai ɗaukar wuta. Ku lura, daga Yuli zuwa Satumba ne shagunan gyara ke cika. Hunturu ne ke shukawa, damina ta girbe.

Akwai maganin abin, kuma ba sabo ba ne. Masana'antu na shafa wa allo wata riga siririya mai kama da fenti marar launi, wadda ke bin kowane lungu ta raba ƙarfe da iska. Akwai ta akirilik, mai saurin bushewa, mai sauƙin cirewa idan za a yi gyara. Akwai ta silikon, mai laushi, wadda ke jure zafi har wajen digiri 200, ita ce ta fi dacewa da abin da zai zauna a ɗakin kwano. Akwai masu tauri da ke jure mai da sinadarai amma suna ba mai gyara wahala. Wanda duk ya taɓa fasa ɗan akwatin wutar babur ya ga an cika shi da baƙin danƙo ya san abin da nake nufi. Babur yana shiga ruwa da taɓo kullum, akwatin kuma ya yi shekaru. Me ya sa inbatan da kuɗinsa ya ninka na akwatin nan sau da yawa zai zo mana tsirara?

Amsar ita ce mai kawo kayan bai tambaya ba, domin mu ma ba mu tambaye shi ba. Masana'anta ɗaya na iya yin mai riga da marar riga, bambancin kuɗin kaɗan ne, ɗan kasuwa ya zaɓi mai araha. Ba na cewa mugu ne, sau da yawa shi ma bai sani ba. Amma allon da aka yi don ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba shi ne allon Marwa ko Kusuri ko Njamena ba. Kuma ganewa ba wuya. Yawancin rigunan nan ana sa musu wani sinadari mai ƙyalli, idan ka haska allon da 'yar fitilar nan da ake duba jabun kuɗi, sai ya yi shuɗi. In bai yi ba, kuma ba ka ga sheƙi a kan dalmar ba, to ka yi shakka. Ina so wannan tambayar ta zama al'ada a kasuwanninmu: allon yana da riga?

Sai kuma mu masu gyara, don ba zan ware kaina ba. Ina almajiri na taɓa gyara wa kawuna rediyo da man liƙi irin na masu gyaran famfo da tukwane, saboda yana kama dalma nan take. Man nan asid ne. Bayan wata uku rediyon ya dawo, duk inda na taɓa ya yi kore, layukan sun cinye. Kawu bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, ka koma wajen maigidanka ka ƙara koyo." Har yau ina jin nauyin maganar, kuma har yau ina ganin yara na yin wannan kuskuren. Wani abin da ya ƙara tsananta shi, tun 2006 da Tarayyar Turai ta hana sa ƙarfen dalma a yawancin kayan lantarki, abin liƙin da masana'antu ke amfani da shi sai wajen digiri 217 yake narkewa, alhali tsohon na kuza da dalma a 183 yake narkewa. Yaro ya ga abu ya ƙi narkewa, sai ya zabga mai, ya ƙara wuta, ya gama ya rufe bai wanke ba. Waya ta tashi, mai ita ya biya ya tafi yana godiya, bayan wata biyu ta mutu a wani wurin daban. Wannan cin amana ne ko da ba da niyya ba. Wankewa da tsantsar sifirit irin na gyaran na'ura da tsohon buroshin haƙori minti biyar ne. Kuma kada wani ya ji na yabi riga ya je ya fesa ta a kan allo mai datti, domin ka rufe ƙura da gishiri a ƙarƙashinta ke nan, ɓarnar ta ci gaba inda ido ba ya gani. A wanke, a busar sarai, a rufe bakin soket da wuraren da ke fitar da zafi, sannan a shafa.

Zancen shinkafa kuwa, don Allah a bar shi. Lokacin ambaliyar 2022 a Njamena da ta 2024 a Yagwa da Kusuri, abokan sana'a sun sha ba ni labarin wayoyin da suka kwana uku a cikin kwanon shinkafa kafin a kai musu. Shinkafa ba ta cire gishiri da lakar da suka shiga, kuma duk tsawon kwanakin batir na ciki yana ba tsatsa wuta. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi mutane kada su sa waya a shinkafa. A kashe ta, kada a sa caji, a kai wa mai gyara ranar ya cire batir ya wanke. Ko wadda aka rubuta wa alamar jure ruwa ta IP67, alkawarinta mita 1 ne na minti 30 a ruwa mai tsabta, kuma da zarar an taɓa buɗe ta an canja gilashi, alkawarin ya tashi.

Inbatan Hajiya bai gyaru ba, layukan sun riga sun tafi. Na samo mata wani allon, na wanke, na shafa masa silikon hawa biyu, na sa raga a ramukan iska saboda tsaka da zanzaro. Da na je ɗaurawa sai na tarar an kafe tsohon daidai saman batira, tururin asid na tashi yana shiga cikinsa dare da rana. Na mayar da shi ɗaya bangon, nesa da murhu. Ta tsaya tana kallo har firizar ta ɗauka, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Mun yi da babban ɗanta zai kira ni ƙarshen Afrilu, kafin ruwan farko, in zo in hure ƙurar hunturu.